Ka Yi Mini La'asar

Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe, ta koma ga Mahaliccinta a tsakiyar bazarar bana, wata Laraba da hantsi. Na Allah muke, kuma can muka nufa dukanmu. Ban samu wankanta ba, ban ga fitar gawarta ba. Ina Tasawa ina tsaron ɗalibai suna jarrabawa a lakwal aka kira ni. Kafin direkta ya sake ni, kafin in samu motar Mayahi, kafin ɗan kabu-kabu ya keta yashi da ni zuwa ƙauyenmu da ke bayan garin Sarkin Hausa, ta kwana guda a kabari. Mako biyu ana ce mini jikin tsufa ne, ni kuma ina cewa bari Juma'a ta zo. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Na tarar da gida ba wurin sa ƙafa. Maza a ƙofar gida ƙarƙashin itacen bedi, mata a ciki har bakin rumbu. Wata tsohuwa ta zo tun daga Gidan Amumune bisa amalanke, ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta faɗin yadda Gwaggo ta yi mata maganin kumburin ƙafa shekarar da aka yi fara. Wata mai goyo ba ta ce komi ba sai, "To yanzu in yaro ya kama tari, ƙofar wa za mu tsaya?" Majo, mai kula da likitar Sarkin Hausa, asibitin yankinmu, shi ma ya aiko da gaisuwa, ya ce a gaya wa dangi ya rasa abokiyar aiki. Akwai wata doguwar mace da ta fi kowa kuka, har sai da aka yi mata faɗa. Na gane ta, zan kuma zo kan labarinta.

Amma ƙarƙashin "Allah shi ji ƙanta" da "ya haƙuri" akwai wata magana da ke yawo, irin wadda ake yi da gefen mayafi a baki. In na matso sai a yi shiru. Ni kuwa ba na jure wannan, ko a aji ba na jurewa. Na bi matar ƙanena har madafa, na ce ta gaya mini abin da ake ɓoyewa.

Ta duba hagu da dama ta ce, "Madam, maganar ƙarshe ce da Gwaggo ta yi. Baba kaɗai ke ɗakin. Ta kama rigarshi ta ce, 'Auta, ka yi mini La'asar. Kwana nawa ban yi ba.' Sau biyu ta hwaɗi, daga nan sai shahada."

"Sai aka ce mi?"

"Wasu sun ce hankalinta ya gushe. Wasu sun ce ƙila ta sha barin salla ba a sani ba. Wallahi Madam, ni ke aza mata dutsen taimama. Tun da ta kwanta ba ta iya taɓa ruwa, amma ko salla guda ba ta wuce ta ba. Baba dai tun jiya ko hura bai sha ba. Ya je wurin liman, liman ya ce ba a yi wa wani salla, sai dai addu'a da sadaka."

Ban tsaya jin sauran ba. Kalmar taimama ce ta tsaya mini a ƙirji. Kwana goma sha biyu tana taimama, wato kwana goma sha biyu ba ta zubar da ruwan alwalla ba, ga guda da rasuwarta, a cikin wannan rana da ke ƙona tafin ƙafa. Na ratsa mata da tabarminsu, na zagaya bayan ɗakin Gwaggo, na ture ƙayar da take tare ƙofar zana da ita.

La'asar ba salla kaɗai ba ce a bakin Gwaggo. Sunan wani ɗan itace ne da bai wuce ƙugu ba, mai ƙananan ganye masu kauri da ƙamshi, wanda take yi wa yara sirace da shi in ƙirji ya toshe. A duk ƙasar nan, daga Mayahi har Tasawa, ban san inda wani irinsa yake ba. Na same shi rabin ganyen ya zube, sauran ya naɗe kamar kunnen ɓera. Na sa farce na kankare bawon kaɗan, yadda ta koya mini. Da sauran kore a ciki, amma kore mai neman tafiya.

Sai na koma baya kafin a gane yadda itace ya samu sunan salla.

Gwaggo ta dawo gidan ubanta bayan mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni. A lokacin daji take shiga neman magani, ni ina biye da ƙwarya. Kowace shekara tafiyar ƙaruwa take. Inda muka tsinki ganye bara, bana gona ce. Inda aka bar mana saura, awaki sun riga mu. Ran nan muka wuni ba mu samu ko abin cika tafi ba, ta zauna gindin wani gawo ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta ce, "Tunda dajin ya ƙi tsayawa, sai mu kai shi gida."

Matsalar ruwa ce. Rijiyarmu shanu ke jan gugarta, mai kora sai ya yi nisa kafin guga ta leƙo. Ba wanda zai ja wannan ruwa don a zuba wa abin da mutanen gida ke kira ciyawa. Gwaggo ba ta roƙi kowa ba. Ta tara fasassun tukwane ta binne su bayan ɗakinta wuri biyar, ta raba musu sallolinta. Alwallar asuba a kan ɗoɗɗoya da na'ana'a, don su ne masu kwaɗayin ruwa kuma rana ba ta riga ta fito ta ƙwace ba. Ta azahar a gindin zogale, shi da ba ya fushi. Haka har lisha. Ruwan kurkure baki takan juya ta zubar gefe, ba ta ba shuka. Sauran kuwa ko ɗigo ba ya faɗi a banza. Takan ce, "Ruwan nan fuska kawai ya wanke, bai gaji ba." Da tafiya ta yi tafiya, kowane wuri ya ɗauki sunan sallarsa, mu biyu muka saba da haka har ba mu jin wani abu a ciki.

La'asar ta zo daga baya. Ina shekara bakwai ko takwas ciwon ƙirji ya kama ni, numfashina na fito kamar usur. Wasu Fulani sun sauka bayan gari da shanunsu, wata Bafillatana mai kawo mana nono ta gan ni zaune a inuwa ina kokawa da iska. Washegari ta zo da ganye da wani ɗan reshe naɗe cikin tsumma mai laima, ta ce daga can kudu ta taho da shi. Ta faɗi sunansa da Fillanci, sunan ya ƙi zama a bakin Gwaggo. Aka tafasa ganyen, aka lulluɓe ni da zane a kan tukunya da rana tsaka, ina kuka ina cewa za ta dafa ni, tana cewa, "In kin dahu ni zan ci, shaƙa dai." Na samu sauƙi. Reshen kuma ta dasa shi a wurin alwallar la'asar, shi kaɗai, ya kama. Fulanin suka tashi, ba mu sake ganin matar ba.

Shi wannan itacen yana da hali. Ba ya son ruwa da yawa. Gwaggo takan wanke hannu da fuska da damtse a kansa, in ta zo ƙafa sai ta ja da baya ta wanke a gindin lalle. Na taɓa ganin rana ta yi zafi, na tausaya masa na juye masa buta guda. Ban manta ranƙwashin da na sha ba. Ta ce, "Rabin buta. Wanda ya saba da kaɗan, in kika cika mishi ciki kashe shi za ki yi." Ta kuma hana a yanki reshensa da rani, ta ce sai damina ta zauna. Sau ukku ta gwada dasa wani don kada ya zama shi kaɗai, sau ukku yana ƙi.

Ba ta barin kowa ya shiga bayan zanar nan. Mata kan tsaya a ƙofa su yi sallama su faɗi abin da ke damunsu, ta shiga ta fito da ganye a gefen zane. Kafin ta ba ka sai ta tambaye ka abin da ka ci, da yadda ka kwana, da ko kun yi faɗa da maigida. Wasu na cewa ta cika bincike. In ta tsinki ganye ba ta tsinka daga reshe guda, sai ta zagaya itacen tana ɗaukar ɗaya nan ɗaya can, bakinta na motsi. Na tambaye ta mi take karantawa, ta ce, "Bisimilla ce, sai kuma ban haƙuri."

Doguwar matar nan da ta fi kowa kuka a zaman makoki, shekarun baya ta kawo ɗanta yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Ta roƙi ganyen sirace. Gwaggo ta buɗe idon yaron ta duba, ta aza kunne a ƙirjinsa, ta ce ba za ta bayar ba. Matar ta tsaya tsakar gidanmu ta kira ta marowaciya, ta ce don ba ta haifa ba shi ya sa ba ta san zafin ɗa ba. Na ga maganar ta shiga Gwaggo. Ba ta rama ba. Ta ɗaura ɗamara, ta sa aka ɗaura wa amalanken Baba sa ba tare da ta tambaye shi ba, ta ce, "Wanga ya wuce ganye. Hau mu tahi likita, kya ƙarasa zagin a hanya." Yaron yanzu shi ke da ƴaƴa biyu. Tun daga ranar majo ya san ta, in ta aiko da mutum ba ya barinsa a layi.

Ta zo mini Tasawa sau ɗaya tak, bayan an ba ni aiki. Ta tsaya tsakar gidan hayata mai siminti, ta kalli famfo yana ɗiga, ta kalle ni. "Madam," haka take kirana in za ta yi mini tsiya, "ruwa na zuba da kanshi a gidanki, ko ɗoɗɗoya guda babu? Mi kuke karantawa a lakwal ɗin?" Kafin ta tafi ta cika mini gwangwanayen tumatir shida da ƙasa da taki, ta shuka na'ana'a, ɗoɗɗoya, tazargade da wasu. Ta nuna wa maƙwabtana su ma, har yau akwai gida biyu a layinmu da ke shan shayi da na'ana'arta. Nawa kuwa kafin wata biyu sun bushe ƙurmus. Da ta ji, ba ta yi faɗa ba, ta dai ce hannuna na alli ne. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Saura rigimarta da Baba, wadda ita ce tushen duk abin da ya biyo baya.

Baba ƙanenta ne, ita ta goya shi, shi ya sa har ya yi furfura Auta take ce masa. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, ba ya wasa da abin da ya shafi addini. Wata ranar farkon damina yana gyaran hauya a tsakar gida, Gwaggo ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce mini, "Ɗiyata, ruga ki duba, kada akuyar nan ta cinye mini Magariba."

Baba ya aje hauya. "Yaya, mi kika ce? Sallar Allah ce akuya za ta ci?"

Ta fito tana dariya ta yi masa bayani. Bai yi dariya ba. Ya ce wannan wasa ne da sunan ibada, ya ce ta tuba, ya ce in mutanen gari suka ji za su ce gidanmu ana tsafi da ciyawa. Ita ma ta hau. Ta ce ita da ta koya masa Fatiha yana zubar da majina ba zai koya mata girman salla ba. Daga shuka har girbi ba su yi magana ba sai ta bakina. "Ce wa ubanki tuwo ya sauka." "Ce wa gwaggonki na gode." Da aka shiga tsakani, ta ɗauki alkawarin ba za ta ƙara faɗin sunayen nan a gaban kowa ba, shi kuma ya ce ƙafarsa ba za ta taka bayan zanar ba. Dukansu suka cika alkawari fiye da shekara ashirin, don taurin kai gadon gidanmu ne. Amma duk sanyin da tari ya kama shi, za ta aiko da ƙoƙo, zai shanye, ba zai tambayi daga ina ba.

Shi ya sa a ranar da ta kama rigarsa ba wanda zai gane ta sai ni, ni kuwa ina Tasawa ina raba takardu. Shi kansa ya manta, ko kuma bai taɓa sanin akwai mai suna La'asar ba, Magariba kaɗai ya ji. Ta karya alkawarin shekara ashirin da numfashinta na ƙarshe, ta roƙi mutum guda da ke gabanta, bai fahimta ba. Wannan tunanin har yau in ya zo mini sai in ji abinci ya fita raina.

A ranar da na iso na ɗauki butarta na yi alwallar la'asar a kan itacen, hannu da fuska da damtse, na ja baya na wanke ƙafa a gindin lalle. Bayan sadakar ukku, da mutane suka ragu, na samu Baba a zaure. Ya rame, idonsa ya faɗa. Na durƙusa na ce, "Baba, Gwaggo ba ta bar salla ba, hankalinta kuma bai gushe ba. Itacen sirace take nufi. Shi ne La'asar."

Ya dube ni. Ya ce, "Ciyawar nan?"

"Ita, Baba."

"Da bakinta na ƙarshe?"

Na ce e. Ya juya fuska ga bango yana jan tasbaha. Na ɗauka fushi ya yi, na ɗauka tsohuwar rigimar ce ta taso. Da marece dai ya aika a kawo masa hura, ya kuma sa liman ya faɗa wa maza gaskiyar maganar, raɗe-raɗin ya mutu. Na ce to, ko banza an wanke sunanta.

Saura itacen. Ranar bakwai dole in koma aiki. Na ja matar ƙanena bayan zana, na nuna mata komi, na ce rabin buta, sau ɗaya a wuni, kada ta ƙara ko da ta ga yana roƙo. Ta ce ta ji. Baba kuwa ban gaya masa ba. Mi zai kai ni, mutumin da bai taka wurin ba shekara ashirin? Da zan fita na tsaya, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na koma na yi abin da Gwaggo ta hana, na yanki reshe guda kamar tsawon ɗan yatsa a tsakiyar rani, na naɗe cikin tsumma mai laima, na ɓoye a jaka. Ina yanka ina ba ta haƙuri.

A Tasawa na dasa shi cikin ɗaya daga gwangwanayen nan da na kashe mata shuka a ciki. Ni da aka ce hannuna na alli ne. Na aje shi a inuwar bango, kullum la'asar in yi alwalla a gefensa in bar masa abin da ya ɗiga daga yatsuna. Ranar da muke da karatun marece a jaka nake sa gwangwanin in tafi da shi lakwal, abokan aiki na yi mini dariya suna tambaya ko sabon ɗalibi ne. Bai yi ganye ba, bai kuma bushe ba. Na hana kaina kankare shi kullum don kada in kashe shi da dubawa.

Kowane kwana biyu sai na kira ƙauye. Matar ƙanena takan ce, "Ana ba ta ruwa, Madam, alhamdu lillahi." Ban lura da "ana" ɗin nan ba sai daga baya. Mako na ukku ta ce ganyen ya yi sabon toho, na yi murna har na yi sadaka. Mako na huɗu ta ce ya fara rawaya. Na ce rawaya kamar yaya, ta fara kame-kame. Na matsa mata, na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Sai ta fashe da kuka.

"Madam, Baba ne. Tun ranar da kika tahi ya ture ƙayar ya shiga. Kullum sai an kawo tano guda, babbar gangar ruwan nan, daga rijiya bisa amalanke, shi da kanshi yake juyewa da bido, jarka bayan jarka, sahe da marece. Har fili ya yi mata kamar na rake."

"Ke kuma kina kallo? Ba na ce miki rabin buta ba?"

"Ta yaya zan tsaya gaban surukina in ce mishi ya yi kuskure? Ko sunanshi ba na hwaɗi. Na gaya wa ƙanenki, ya ce a bar tsoho ya huce zuciyarshi."

Ba ta yi laifi ba, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Na kira ƙanena na ce ya kai wa Baba wayar. Baba ba ya son magana a salula, yakan riƙe ta nesa da kunne kamar za ta cije shi. Na yi ta cewa a daina zuba ruwa, yana cewa, "Ana zubawa, ɗiyata, kada ki damu, ba za ta ƙara jin ƙishirwa ba." Sai da ƙanena ya karɓa ya maimaita masa da ƙarfi. Aka daina, amma kwana ashirin da wani abu an riga an yi.

Na koma ranar sadakar arba'in. Hadari na haɗuwa yana watsewa, ba a samu ruwan shuka ba tukuna. Gwangwanin na kan cinyata a mota, yana kan cinyata a kabu-kabu, don ba ni da wanda zan bar wa shi. Ban tsaya gaisawa da mata ba, na zagaya baya. Ƙayar ba ta ƙofa. Ɗoɗɗoya da na'ana'a sun yi shar, sun ji ruwan da ba su taɓa ji ba. A tsakiyarsu La'asar na tsaye ba ganye ko ɗaya. Na kankare, baƙi. Na ƙara ƙasa, baƙi. Na taɓa gindin sai ya tuɓe a hannuna, saiwar ta ruɓe tana wari.

Baba na zaune a kan buzunsa a jikin zana, ban ma gan shi ba sai da ya yi magana.

"Ta tahi ko?"

Na ce, "Ta tahi, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Tana da rai ban saurare ta ba. Ta zo tahiya ta roƙe ni abu guda, ban gane ba. Da na gane, sai na kashe mata shi da hannuna." Hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba, ko ranar da aka rufe mahaifiyata.

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Gaskiya zan faɗa, ban so fito da gwangwanin ba. Shi ke nan abin da ya rage a duniya na itacen nan, in ma ya rage. Hankalina na ce mini in koma da shi Tasawa in yi shiru, kada in sa wa tsoho rai a kan ɗan karan da ƙila gobe ya bushe, kada kuma in damƙa shi ga wanda ya riga ya kashe uwar. Amma ba ni ta ce wa in yi mata La'asar ba. Tana da hankalinta sarai, ta san wanda ke gabanta, ta kuma kira shi da sunan da take kiransa tun yana bayanta.

Na fito da shi na aje a gabansa. Na ce na sata ne ranar bakwai. Ya sunkuya har gemunsa na taɓa bakin gwangwanin. Ɗan kara ne tsirara, sai wani ƙullutu a gefe kamar ƙwayar gero, wanda ni kaina ban san ko toho ba ne ko idona ne ke so ya gani.

"Da rai?"

"Shekaranjiya da na duba, da kore a ciki. Yau ban sani ba."

Ya sa hannu biyu ya ɗauka a hankali. Daidai nan ladan ya ɗaga murya daga masallaci. Shekara nawa Baba a ƙofar masallaci yake alwalla, yana jin kira yake miƙewa. Ran nan bai miƙe ba. Ya duba inda butar Gwaggo ke rataye a jikin zana, ya ce in miƙo masa. Na miƙa. Ya naɗe hannun riga, ya tsaya, ya ɗago ya dube ni yadda ɗalibaina ke dubana in sun ji tsoron ba da amsa.

"Nawa take sha?"

"Wannan ƙarama ce, Baba. Abin da ya ɗiga daga yatsunka ya isa. In ta girma, hannu da huska da damtse. Ban da ƙahwa."

"Ban da ƙahwa," ya maimaita, ya yi bisimilla.

Yau kwana tara da dawowata Tasawa. An yi ruwan shuka a can, nan ma an yi. Ba ni nake kira ba yanzu. Kullum bayan la'asar wayar ƙanena kan shigo, in ji numfashin Baba daga nesa, ya ce, "Na yi mata." In ce, "Ta yi ganye?" Ya ce, "Tukuna." Sai ya kashe, ni kuma in zauna da wayar a hannu har a kira magariba.

Allah ka ji ƙan Gwaggo, ka yafe mata, ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da abin da ba ya iya roƙo. Mu da ta bari da ɗan kara a gwangwani, ka ba hannunmu sa'a.